Farin Kallabi a Bakin Randa

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kowa a Zakirai. Yaya ƙafar Baba? Karatun jinya a Ibadan lafiya lau. Abinci dai sai a hankali, amma kada ki damu.

Albishirinki! Jiya a ɗakin karatun asibiti na samu littafi a kan kurkunu, ciwon nan da ke damun ƙafar Baba. Ashe ba sammu ba ne, a ruwan tafki muke shan sa! Tacewa da ƙyalle ke hana shi. Sai da na rangaɗa guɗa, mai kula da littattafai ta kore ni waje.

Don Allah ciro farin kallabin da kike ajiye wa aurena, ki ɗaura a bakin randa. Aure zai jira, Inna. Baɗi Baba da ƙafarsa zai shiga gona, in Allah ya yarda.

'Yarki,
Fanta