Na Ce Zuciyata, Suka Auna Ƙirjina

Malam Gado, assalamu alaikum. Don Allah ka daure ka karanta takardar nan har ƙarshe ka ba ni shawara, domin na rasa wanda zan tambaya. Ka yi haƙuri da rubutun, hannu ya fara rawa.

Za ka ga ban fara da "ina fatan kana lafiya kamar yadda nake nan lafiya lau" ba. Ba mantuwa na yi ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a gindin dalbejiya daura da gidan waya na Ƙaura Namoda, da teburina da kwalbar tawada, ina rubuta wa mutane wasiƙa. Na yi elementare nan Ƙaura, na yi makarantar midil a Sakkwato zamanin Turawa, na ɗan koyar, sannan na kama wannan sana'a a shekarar da aka sami 'yancin kai. Na rubuta wa fataken gyaɗa da ke jiran jirgin ƙasa, na rubuta wa matan sojoji lokacin yaƙin basasa. Kowace wasiƙa da layin nan take farawa. Mutumin da gobara ta cinye wa rumbu na rubuta masa "muna nan lafiya lau." Matar da ta binne ɗanta shekaranjiya ita ma haka. Ba wanda ya taɓa cewa in cire. Yau da na ɗauki alƙalami don kaina na rubuta layin, na dube shi, na soke.

Na san da wannan bayani duk Ƙaura za a iya gane ni. Ban damu ba. Waɗanda suka san ni ba su karanta jarida, ni nake karanta musu.

Shekaruna saba'in da uku. Matata Asta ta rasu shekara biyu da rabi ke nan. Ɗiya ɗaya Allah ya bar mana, Turai, tana aure a Shinkafi. Kada ka ce baƙin cikin rashi ne kawai. Na san baƙin cikin rashi, na binne uwa da uba da 'ya'ya huɗu. Shi yana zuwa da zafi, ya yi kwanakinsa, ya lafa. Wanga abu ba shi da zafi. Da daminar bara ya fara, kamar an ɗora mini buhun gero a kafaɗa aka manta ba a sauke ba.

Abinci a bakina kamar ƙasa. Maƙwabcina Gwadabe mutumin kirki ne, kullum gidansa suna aiko mini da tuwo. Nakan ci loma biyu in juye wa akuya sauran, don kwano ya koma wayam kada a tambaye ni. Akuyar ta yi ƙiba, ni wandona yana zamewa. Barci yakan yanke mini tun kafin kiran farko, ba ya dawowa. Rediyon da dā ba na rabuwa da ita, batir ya mutu a cikinta ban sake ba. Majalisar da muke dara a bakin kasuwa, wata bakwai rabona da ita. Nakan zauna a zaure daga hantsi har la'asar, in ka tambaye ni me nake tunani, babu. Wani lokaci sai in ji hawaye a gemuna ban san sanda suka fito ba.

Zan faɗi abu ɗaya da ban faɗa wa kowa ba. Ba na neman mutuwa, na san hukuncin wanda ya neme ta da hannunsa. Amma in na farka da safe na ga ina nan, ba na jin daɗin hakan. Ina yin hamdala da baki, sannan in ji kunyar Ubangijina.

Aminina Maccido, wanda muka yi elementare tare, yana zaune a Zurmi. Ya zo cin kasuwa ya gan ni, ya ce wannan ba banza ba, ko iska ko hannun mutum. Ya dawo da rubutu da turaren hayaƙi. Rubutun na sha, kalmomin Allah ne. Hayaƙin tari kawai ya sa ni. Limaminmu kuma ya ce in ƙara zikiri, mai tawakkali ba ya daɗewa cikin ƙunci. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na ƙara. Abin da na samu shi ne buhu na biyu a kan na farko, domin yanzu har imanina nake zargi.

Da ƙaramar salla Turai ta zo, ta ga yadda na koma, ta yi ta kuka, ta ce sai an kai ni asibiti. Mijinta Muhtari direba ne, yana jigila tsakanin Shinkafi da Ƙaura, shi ya ɗauke ni. Muka yanki kati, muka bi layi. Tun a hanya nake shirya maganar da zan yi, kamar yadda nake shirya wa mutane tasu. Da muka shiga, malamin asibitin, mutum mai ladabi, ya gaishe ni ya ce yaya jiki. Kafin in ankara bakina ya ce da sauƙi. Ya ce to me ke damuna. Na ɗaga kai, ga Muhtari tsaye a kaina riƙe da katin. Malam, ta yaya dattijo zai ce yana kuka a gaban surukinsa? Duk abin da na shirya ya watse. Na dafa ƙirji na ce, "Zuciyata ce."

Sai ya sa robar nan ta sauraren bugun zuciya a kunne, ya ɗora a ƙirjina, ya ɗora a bayana, ya ce in ja numfashi. Ya ɗaure mini hannu ya auna jini. Ya yi dariya ya ce, "Baba, zuciyarka ta fi tawa, za ta kai ka shekara ɗari." Ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini. Muhtari ya yi ta hamdala, duk wanda muka haɗu da shi a tasha sai ya gaya masa likita ya ce zuciyar Baba kamar ta saurayi. Ni kuwa abin da ke raina, wato saura shekara ashirin da bakwai a haka.

Daga ranar magana ta ƙare. An auna, an ce lafiya. Turai ta yanke cewa kaɗaici ne, sun gyara mini ɗaki kusa da zaurensu, Muhtari zai zo da mota ya kwashe ni da kayana kafin ruwa ya sauka, saura mako uku. Ni ban taɓa jin inda namiji ya tare a gidan surukinsa ba. Ga kabarin Asta a nan. Da na ce wa Maccido ina so in koma asibiti in yi bayani sosai, ya kama hannuna ya ce kul. Wai in na ce abin a kaina yake, wurin masu taɓin hankali za a kai ni a ɗaure, kuma sunan zai bi 'ya'yan Turai, ga ta da 'yan mata biyu ba su yi aure ba. Wannan maganar ita ta tsayar da ni.

To Malam, ciwo ne ko raunin imani? In ciwo ne, mene ne sunansa, don in faɗa daidai kada a sake auna mini ƙirji? Da gaske ɗaure ni za a yi? Kuma in bi Muhtari ko in zauna? Na rubuta wa mutane dubbai, ban taɓa jiran amsa ba sai yau.

Tsohon Gindin Dalbejiya,
Ƙaura Namoda.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Na karanta har ƙarshe, na sake karantawa. Rubutun bai yi rawa ba ko kaɗan.

Ciwo ne. Ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba. Likitoci sun san shi, suna ganinsa a wurin tsofaffi da matasa, malamai da jahilai. A Hausa wasu suna ce masa ciwon damuwa. Alamominsa su ne waɗanda ka jero da kanka: ci ya tafi, barci ya yanke, abin da mutum ke so ya daina ba shi sha'awa, har a yi watanni. Yana da magani, kuma da yawa suna warkewa. Liman bai yi kuskure da ya ce ka yi zikiri ba, ka ci gaba. Amma mai zazzaɓi ma yana addu'a yana shan magani, ba wanda ya ce masa tawakkalinsa ne ya gaza. Wannan buhu na biyu ka sauke shi tun yau.

Malamin asibitin nan ban ga laifinsa sosai ba, kai ma ban ga naka ba. Harshenmu ne ya ba tsokar da ke bugawa a ƙirji da abin da ke jin ƙunci suna ɗaya. Kai ka nufi ta biyu, shi ya auna wadda robarsa ke ji. Da ya ƙara tambaya ɗaya da ya kyauta. Amma babban kuskuren shi ne wanda ya tsaya a kanka. Muhtari ɗan albarka ne, sai dai wurinsa ranar nan wajen mota ne, ba cikin ɗaki ba.

Saboda haka ka koma, cikin makon nan, kada ka jira mako ukun. Ka je babban asibiti a Gusau ka nemi ganin likita, ka ce kana so ku yi magana ku biyu. Kada ka ce zuciya, kada ma ka wahalar da kanka neman suna. Shekara talatin da ɗaya kana rubuta wa waɗanda bakinsu ya gaza, yau bakinka ne ya gaza. Ka yanke wannan shafi, ko ka kwafe shi da hannunka, ka miƙa masa. Kada ka cire maganar farkawa da safe, ita ce ya fi bukatar ya gani. Ka bar shi ya duba jikin ma, domin rama a shekarunka tana son bincike. In ya ba ka magani, ka sani yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa. Kada ka ajiye shi don kwana biyar ba ka ga canji ba, kada kuma ka daina ba da saninsa ba.

Tsoron Maccido tsoron masoyi ne, amma ba haka abin yake ba. Galibin masu wannan ciwo ana duba su ne su koma gida a ranar, kamar mai hawan jini. Abin da ka gaya wa likita tsakaninku ne. Jikokinka kuwa, kakansu a raye yana cin tuwo ya fi musu amfani da kakan da ya ƙare a zaure don gudun bakin mutane. In Maccido zai yarda, shi ya raka ka, ya gani da idonsa.

Abu ɗaya ba na so ka yi wasa da shi. In tunanin nan ya wuce rashin jin daɗin farkawa ya koma saƙa maka ka cutar da kanka, kada ka zauna da shi ko na sa'a ɗaya. Ka ƙwanƙwasa wa Gwadabe ka gaya masa, a kai ka asibiti.

Batun Shinkafi, Turai tana da gaskiya, zaman kaɗaici yana ciyar da wannan ciwo. Kai ma kana da gaskiya, raba tsoho da gidansa ba ƙaramin abu ba ne. Amma bakin mai zazzaɓi ba ya gane daɗin miya, kada ka yanke hukuncin tashi ko zama yanzu. Ka ce wa Muhtari ya zo da motar, ya bar kayan. Ka je ziyara ta wata guda, ziyarar ɗiya ba tarewa ba ce. Kafin nan ka gaya wa Gwadabe gaskiyar inda tuwonsa ke zuwa, ka roƙe shi ya riƙa kawo nasa kwanon zaurenka ku ci tare. Akuyar ta ci rabonta.

Kuma in Turai ta ce yaya jiki, ita kaɗai dai, ka ba ta amsar gaskiya. Sauran jama'a ka ci gaba da ce musu da sauƙi, gaisuwa ce.

Allah ya ba ka lafiya, Baba, ya jiƙan Asta, ya yi wa Turai albarka. Ina jiran wasiƙarka da za ta fara da layin nan ba a soke ba. Amma kada ka rubuta shi sai ya zama gaskiya.

Malam Gado.