Sukurun da Na Ɗaure da Dalma

Da sunan Allah mai rahama. Ni Ukasha ɗan Iliyasu, mai injin matsar rake a gefen hanyar Makarfi zuwa Kudan, na rubuta wannan da hannuna. Ƙirjina ya gaji, likita ma ya daina ɓoye mini, amma hankalina yana nan daram. Zuwa ga 'ya'yana Bilya, Mudathir, Bilkisu da Mukarrama, da mahaifiyarku Rahmatu. Liman ya karanta, ya sa hannu a ƙasa. Ina rubutun nan raina a ɓace, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Na ɗaya. Gida da gonakin rake biyu da shanun huɗa, Allah ya riga ya raba muku, ba ni da ta cewa. A kira malamai su ba kowa rabonsa. Kada wanda ya ce wa Bilkisu ko Mukarrama su bar nasu a hannun maza don suna gidan aure.

Na biyu. Injin dizal da rolar matsa da rumfar da suke ciki ba sa cikin abin da za ku raba. Na tambaya, an tabbatar mini ba su kai sulusin dukiyata ba, don haka na yi wasiyyarsu ga Yahya, wanda ya shekara goma sha tara yana tura mana rake a bakin rola. Na san Bilya zai ce an ba bare abin da ya fi komai kawo abinci a gidan nan. To ka karanta na uku kafin ka buɗe baki.

Na uku. A jikin famfon mai akwai ɗan sukuru da na zagaye da waya na danne da dalma. Kun taso kuna ganinsa, kuna yi mini dariya a kansa. Inji idan ya ji nauyi, ƙara wa kansa mai yake yi don kada ya tsaya. Sukurun nan shi ne ke tare shi, ya ce iyakarka ke nan. Na saita shi daidai ƙarfin sandar rake huɗu. Abin da ya wuce haka, injin zai shaƙe ya mutu, kuma mutuwar tasa nake so. Shekarar da aka haifi Mudathir rola ta kama hannun rigata tare da rake. Injin ya yi tari biyu ya tsaya. Kan yatsu biyu na rasa, da sauran nake riƙe da alƙalamin nan.

A nan ina da laifi, kuma na ɗauka. Kullum cewa nake kada a taɓa, ban taɓa zaunar da ku na faɗi dalili ba. Na ɗauka ganin yatsuna ya ishe ku bayani.

Amma laifina bai wanke naka ba, Bilya. Bara ina kwance a asibiti, ka ga injin maƙwabta yana tura baƙin hayaƙi sama, samari suna tafi suna cewa ga inji mai jini a jika, namu kuwa rago ne irin mai shi. Ka ɗauko wani bakanike daga Ikara a kan mashin, ya datse wayar, ya sassauta sukurun zagaye biyu, kuka ƙara ɗaure bel ɗin da ke juya rola. Wa ya gaya muku baƙin hayaƙi ƙarfi ne? Man gas ne da bai ƙone ba, kuke watsa shi cikin hancin matan da ke dafa mazarƙwaila. Mahaifiyarku ta ce muku ruwan raken yana ɗaukar warin hayaƙi, ka ce mata aikin maza ne. Yahya da kansa ya ce maka kukan injin ya sauya, ba ya jin daɗinsa. Ka ce masa ya tura sanda bakwai ya daina tsoro.

Ya tura. Ranar kasuwar Makarfi da hantsi rola ta kama shi, injin ya ji nauyi, ya ƙara mai kamar yadda kuka ba shi dama. Kafin Mudathir ya zagayo ya kashe, hannun dama ya tafi har wuyan hannu. Mutum mai shekara hamsin da 'ya'ya shida yau yana koyon cin tuwo da hagu a bayan ƙofa, don kada yaransa su gani. Duk don a gama matsa kafin la'asar, a kuma ce injin gidan Ukasha ma yana hayaƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Ka ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara tun ba a haife ka ba, amma ƙaddara ba ta riƙe filaya ta yanke waya ba. Wata tara ke nan ba ka taka ƙofar gidan Yahya ba. Bilkisu ce ke kai wa matarsa cefane a ɓoye, tana tsoron fushinka. Allah ya yi mata albarka.

Na huɗu. Na mayar da sukurun inda yake, na sake danne shi da dalma, Mukarrama ce ta riƙe mini wayar. Filayar da ragowar dalmar suna wurinta amana. Duk shekara kafin a fara yankan rake ta je ta duba. Idan an taɓa, ta kai magana wurin liman, ko ɗan'uwanta ne ya taɓa. Injin da ke yin baƙin hayaƙi a wanke masa matatar iska, a kai nozul ɗin da ke fesa mai a gyara, kada a ƙara masa mai.

Na biyar. Bilya da Mudathir, kun daina cin abinci a kwano ɗaya, kowa na cewa ɗayan ne mai laifi. Mudathir, kana tsaye aka yanke wayar, ba ka hana ba, saboda haka ka sauke muryarka. Inji ba ya juyuwa da hannu ɗaya. Wannan kakar da mai zuwa, ku biyun za ku tayar wa Yahya da shi kowace safiya, ku tsaya a bakin rola inda yake tsayawa, sanda huɗu-huɗu. Shi zai zauna a benci ya ba da umarni.

Na shida. Idan rai ya yi halinsa, kada a nemo kowa daga waje don wankana. Yahya zai riƙe buta da hagunsa ya zuba ruwa, Bilya zai wanke ni. Ɗakin ƙarami ne, Bilya, babu inda za ka kawar da kai. Ka dubi dungun hannun nan da kyau, ka faɗa masa abin da ka kasa faɗa wata tara, ina kwance a tsakaninku. Bayan haka na yafe maka duniya da lahira.

Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, ku lissafa gidan Yahya cikin gidajen da za ku gaisar ranar salla. Allah ya yi muku albarka, ya tsare hannuwanku da na duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinku. Ku yafe mini.

Mahaifinku, Ukasha Iliyasu.