Haruffa Ukun da Suka Ɓace Daga Takardar Bakkale

Zuwa ga 'yan sa-kai masu haɗa ƙunshin manhajar tsara takardu da muke amfani da ita a kan Linux,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan wasiƙa ta same ku lafiya, ku da iyalanku, a duk ƙasar da kuke. Na rubuta ta da Hausa da gangan, domin a kan Hausa maganar take, kuma na san ba za a rasa mai fassara muku ba.

Sunana Idi Maruta, ma'aikacin lafiyar dabbobi ne ni. Aikina ya haɗa rugage da ƙauyuka daga Birnin Kudu zuwa Gwaram. Ban da allurar rigakafi, ni ne mai tsara 'yan takardun faɗakarwa da muke raba wa makiyaya. Tsohuwar kwamfutar ofishinmu ta daina jan komai sai da aka sa mata Linux, kuma da manhajarku nake wannan aiki shekara da shekaru, kyauta. Ku san da wannan kafin ku karanta kokena: mai godiya ne yake magana.

Na ɗaya. Lokacin da kuka koma rarraba manhajar a sabon ƙunshi, irin wanda ake killace ta ba ta ganin komai a kwamfutar sai abin da aka ba ta izini, ban yi gardama ba. Mu ma idan aka sayo saniya daga kasuwa, ware ta muke yi kafin ta shiga garke. Amma ba ku faɗa mana abin da za ta daina gani ba. Samfurin haruffan da nake rubutu da shi, mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, yana ajiye a wani ɓangare dabam na faifan kwamfutar. Sabon ƙunshin bai kai can ba, sai ya zaɓi wani samfurin da kansa, ya yi shiru.

A farkon daminar bara bakkale ya ɓulla a wasu rugage na Sundimina. Cuta ce da ke sa shanu ɓari, tana kuma kama mutum ta ɗanyen nono. Na buɗe tsohuwar takardarmu a kanta, na canza sunan gari kawai, na buga, na ɗaure a bayan babur. Ban sake karantawa ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Ina cikin rabo sai Malama Dije, shugabar mata masu sayar da nono, wadda ta yi karatunta a ajin yaƙi da jahilci, ta tare ni da takardar a hannu. Ta ce, "Malam Idi, mu dai mun san mutum ne ke ara. Wace saniya ce kuma ta yi ari?" Na karɓa na duba. Duk inda harafi mai ƙugiya yake, fili ne fari. Inda na rubuta kada a taɓa mahaifa da hannu, a ƙone ta ko a binne, ya koma abin da ba mai ganewa. Matan suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma nan take na tuna na riga na bar takardun a rugage biyu. Kwana biyu na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina karɓa ina bayani da baki. Allah ya kiyaye, ba wanda ya kamu.

Na biyu, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. Na rubuta muku rahoton matsalar da ɗan Turancina. Wani daga cikinku ya nemi ƙarin bayani, ni kuwa a lokacin ina yawon rigakafi a dajin bayan Basirka, inda sai ka hau tudu kake samun sabis na kira, balle intanet. Da na dawo na tarar an rufe rahoton. Ba mutum ne ya rufe ba, wata na'ura ce da kuka ɗora ta riƙa rufe duk abin da aka yi shiru a kansa. Ta ma yi mini godiya. Ranka ya daɗe, wanda ya saita wannan na'ura, shirun mutumin karkara ba ya nufin matsalarsa ta warware.

Na sake buɗewa, a nan ne Allah ya haɗa ni da wata baiwar Allah a cikinku wadda ban san ko da ƙasarta ba. Ba ta raina tambayata ba. Ta koya mini in tayar da manhajar daga baƙin allon nan da ake rubuta umarni, in kwafo duk abin da ta faɗa. Ta nuna mini yadda zan shiga cikin killataccen ƙunshin in jera samfuran haruffan da yake gani, in gwada da na waje. Da na ga nawa babu a jerin, sai na ji kamar ranar da na fara gano cuta da kaina ba tare da likita ba. Layi ɗaya na umarni ta ba ni, na ba manhajar izinin karanta wurin kawai ban da taɓa shi, haruffana suka dawo. Bayan wani lokaci kuka fitar da gyara, yanzu manhajar tana gargaɗi idan ta rasa samfuri. Tun daga nan duk sabon ƙunshin gwaji sai na sauke na jarraba kafin ya fita, ina aika mata sakamako. Ina da furfura, amma na sami sabon aiki, kuma ina jin daɗinsa.

Na uku. A gwajin nan na ga idan takarda tana kan filashi, manhajar tana buɗe ta, amma hotunan da ke gefenta ba sa fitowa, domin izinin fayil ɗaya tak ake ba ta. Makiyayin da bai iya karatu ba hoton yake karantawa. Wannan har yau ba a gyara ba.

Ga kuma nauyin sabuntawa. Gyaran ƙarami ne, amma wani lokaci sai ya jawo babban tushen da ƙunshin ke zaune a kai, in wuni ina jiran ya gama sauka.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku sa wannan jimla cikin gwajin da kuke yi kafin kowace fitarwa, ku buga ta a takarda ku duba da ido: "Ɓarawo ya ɗauki ƙwaryar 'ya'yan Ɗanladi a Ƙofar Gabas." Ku ƙara da ƴ saboda 'yan'uwanmu na Nijar. Ku tsawaita wa'adin na'urar rufe rahoto, ko ku sa mutum ya duba kafin ta rufe. Ku nemo hanyar da takarda za ta shigo da hotunanta. Ni kuma na yi alkawarin ci gaba da gwaji muddin wannan kwamfuta tana kunnuwa.

Idan wata rana hanya ta biyo da ɗayanku ta Jigawa, ya neme ni. Zan ɗauke shi a babur zuwa duwatsun Birnin Kudu, in nuna masa zanen shanun da mutanen da suka shuɗe suka bari a jikin dutse. Ba wanda ya san sunansu, ba su san wa zai zo ya gani ba, amma sun zauna sun fitar da ƙahonin daidai.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira, ya albarkaci zuriyarku.

Wassalam.

Naku,
Idi Maruta