Ranar da Aka Zo Mini Ta'aziyyar Ba'amurke

Ƙanwata Rabi,

Gaisuwa mai yawa daga Jidda. Ya jikin naki, ya Malam da yara?

Marubucin nan Ba'amurke, wanda na tsufa ina karanta littattafansa, ya mutu. Da na ji labarin, maƙwabciyata ta tarar da ni ina hawaye. Kafin la'asar matan unguwarmu ta Karantina sun cika mini ɗaki, suna zaton ɗan'uwana na rasa. Wata ta ce mini, "Khala (wato inna, da Larabcinsu), ya bar yara?" Na ce ya bar littattafai. Gajiya ta hana ni ƙarin bayani.

Littafinsa na ƙarshe yana hannuna, idanuna kuwa suna dushewa, kuma ba zan roƙi kowa ya karanta mini ba. Ki gaida mutanen gida. Ku taya ni addu'a idanun nan su kai ni ƙarshensa.

Yayarki,
Saudatu