Kwali a Gaban Lagireto

Zuwa ga Yayana, marigayi Mamman Bakanike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ƙani ce zuwa ga wansa, daga ɗakina a Al Wukair kusa da Doha, tare da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi.

Yaya, na dawo daga hanyar Jodan, kuma tun a can nake jayayya da kai a zuci. Ka san har yanzu ina jan tirela. Kafil ɗina, wato ubangidan da nake yi wa aiki, ya daɗe yana cewa na tsufa, in ajiye babbar mota in koma kai yaransa makaranta. Da zai ba ni lodin nan ya faɗa mini a fili, idan na tsaya a hanya ko na nemi a zo a ɗauke ni, khalas, shi ke nan, makulli ya bar hannuna.

A Doha sanyi wasa ne, rigar sanyi ɗaya ta gama da shi. Can arewacin Saudiyya kuwa na tashi da safe na tarar ruwan butata ya zama dutse. Na yi taimama. Mota ta tashi da ƙyar, na hau titi, amma allurar zafi tana kwance a ƙasa kamar an manna ta. Hita sai iska mai sanyi take hurowa. Gilashin gaba ya yi fari, ina gogewa da hula yana komawa. Ƙafafuna kuwa na daina jin su a kan birki, wannan ne ya sa na sauka gefen hanya.

Na duba ruwa, cike yake. Fanbel lafiya. Na ce ko allurar ce ta mutu, to ai da hita ta yi ɗumi. Waya tana aljihuna, lambar kafil tana ciki. Ban taɓa ta ba.

Sai na tuna garejinka na Kano, da abin da kake faɗa mana kullum: "Kafin ka kwance komai, taɓa da hannunka." Na bar injin ya huce, na sake tayarwa, na riƙe babban tiyon da ke shiga lagireto ta sama. Ya kamata ya zauna da sanyinsa sai inji ya yi zafi. Wannan kuwa nan da nan ya fara ɗumi-ɗumi, ya tsaya a haka. Ruwa yana ta zagayawa babu mai tare shi, iska tana kwashe ɗan zafin da ya samu.

Babu tamostat a motar, Yaya, ɗan abin nan da ke tare ruwan har inji ya yi zafi. Wani bakanike a nan ya cire shi da bazara, yadda kake cirewa.

Ina ganin gwangwanin madarar nan da kake tara su a ciki, ƙarƙashin benci. Duk motar da ta shigo sai ka zare mata shi, ka jefa a gwangwani, ka ce: "Wannan na ƙasar Turawa ne, mu rana ta ishe mu." Mu ma muka tashi muna faɗa. Ban ce ka yi kuskure ba, kuma ba zan faɗa ba. Motocinka ba su taɓa zuwa inda ruwa ke daskarewa ba. Ƙaninka ne ya je, da furfura.

Na sha ganin direbobin Siriya sun rufe gaban motocinsu, ina yi musu dariya, wai sun sa wa mota zani. Ranar nan na yage kwalin ruwan shana, na ɗaure shi da waya a gaban lagireto, na bar ɗan fili don iska. Yatsuna ba sa lanƙwasuwa, da haƙori na ƙarasa murɗa wayar. Na yi tafiya mai nisa kafin allurar ta motsa. Da ɗumi ya fara taɓa mini ƙafa, zafin da na ji ya fi na sanyin.

Na sauke kaya, na dawo. Na sa an mayar da tamostat, ina tsaye a kan mai aikin. Kafil ya dube ni, ya dubi motar, ya ce mako mai zuwa akwai wani lodin, can ɗin dai. Na ce yalla, mu je.

Ranar Juma'a a kasuwar Souq Waqif na ba 'yan ƙasarmu labari, suka yi ta dariyar kwali, har wani ya ce wai na ɗinka wa tirela riga. Ban gaya musu yatsuna biyu na dama ba su dawo daidai ba, kofin shayi ma da hagu nake tallafa shi. Kai kaɗai na gaya wa. Na gaji, Yaya, gajiyar da barci ba ya ɗaukewa. Amma makullin yana aljihuna, kwalin kuma yana bayan kujera.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da Inna da Baba a gidan rahama. Ni kuma Ya sauke ni daga motar nan da ƙafafuna.

Ƙaninka mai taurin kai,
Sale Direba