Kuskuren Mai Tsara Shafi

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Jiya Manaja ya kira ni ofishinsa, ya miƙo mini 'yar takardar gyara da aka saƙala a littafinka na fiziks. Layi ɗaya ne kacal: “Zane na 47 ba daidai ba ne, kuskuren mai tsara shafi ne.” Mai tsara shafi ɗaya ce a maɗaba'armu, kuma ita ce ta koya maka riƙe rula kana aji uku.

Wata huɗu na yi a kan zanuka ɗari biyu da sha biyu. Kowace mahaɗa da hannuna na kafe ta da lamba, kowane layi na ba shi kusurwarsa, don na san halin manhajar kwamfutar da muke zane da ita: ka sakar mata, ta jera yadda ta ga dama. A zane na 47 na buɗe layuka biyu da digiri talatin da biyar don kada su taɓa juna. A littafin da ya fito sun gitta, har mai karatu zai ɗauka ƙwayoyin zarra da layukan ke nunawa sun yi karo a wurin. Ba aikina ba ne wannan. Me ya faru?

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Na samu wasiƙarki, kuma raina bai yi daɗi ba. Gaskiyar magana, littafin ya zarce da shafi tara, sai na ce wa Manaja ya goge lambobin da kika kafe a babi na shida don zanukan su matse. Lokacin kina asibiti wajen Inna, ban so in dame ki ba.

Wani farfesa ne ya gano gittawar, alhali littafin yana gaban kwamitin ƙarin girma na jami'armu. In aka ce marubuci bai san bambancin mahaɗa da gittawa ba, an gama da ni. Ke kuwa ban ambaci sunanki ba, sana'a kawai na ambata. Ki yi haƙuri, abu ne mai wucewa.

Ƙaninki mai biyayya.

*

Auta,

Ina gaishe ka. Wato kai ka yi ɓarin, ni aka ba tsumma. Ba ka ambaci sunana ba, sannu da ƙoƙari! Masu kawo mana aiki daga jami'a duk sun san kujerata, wadda ke kusa da taga, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa. Tun Litinin biyu sun janye littattafansu. Manaja, wanda ya goge lambobin da yatsansa, ya ce ba ya tuna komai, ya mayar da ni tsara kalanda da rasit. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, ba a taɓa dawo mini da zane ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ranar da ka ba da umarnin nan ka zo asibiti, ka zauna gefena kana ɓare wa Inna lemo, ba ka ce uffan ba. An ci moriyar ganga ke nan.

Ka sani, na samu shafin gwaji a kwandon Manaja kafin a kwashe shara. Ga jan bironka a gefe: “A cire lambobin, a bar manhaja ta jera.” Har da sa hannunka da kwanan wata. Yana cikin aljihun teburina.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Don girman Allah kada shafin gwajin nan ya je gaban kwamiti, ranar Alhamis za su zauna. Ki tuna ke kika tsaya mini har na kai nan, kada ki rushe ginin da kika yi da hannunki.

Sannan akwai wata alfarma. Za a sake buga littafin, an ba mutum biyu babi na shida, sun kasa. Sun gyara mahaɗa ɗaya, uku sun goce. Babu mai iya shi sai ke. Takardar gyaran dai ba za a iya janye ta yanzu ba, kin san yadda mutane suke. Inna tana ta tambayar me ya sa ba ma zuwa tare.

Ƙaninki.

*

Malam marubuci,

Ina gaisuwa. Ga babi na shida, kowace mahaɗa a kafe, zane na 47 a kan digiri talatin da biyar. Ga kuma shafin gwajin mai jan biro a cikin ambulan, ban yi kwafinsa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji Inna, kuma saboda ita na yi.

Zan riƙa zuwa wajenta ran Talata, kai ka zaɓi wata rana. In kana da wani aiki nan gaba, ka bi ta ofishin Manaja kamar kowa.

Ka huta lafiya.

Mai tsara shafi.