Kwamfutar da Ka Sayar wa Babana da Nauyi

Zuwa ga Alhaji mai shagon kwamfuta a Kwangila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ni yarinya ce daga Tudun Wada, bara na gama firamare, ban kuma taɓa rubuta wa babban mutum takarda ba.

Zan fara da abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da Baba ya zo shagonka sayen kwamfuta, ni ce mai shuɗin hijabi da ke laɓe a bayansa. Na karanta lambobin da ke manne a jikin kwamfutocin nan biyu da ka ajiye a kan tebur. Ta babbar ta ninka ta ƙaramar sau da yawa, kuma malaminmu ya taɓa koya mana cewa lambar nan ta cin wuta ce. Kunya ta rufe mini baki. Har yau abin yana cina.

Yayata Rabi aka saya wa. Ƙafarta ba ta barinta zirga-zirga, don haka a ɗaki take buga wa ɗaliban jami'a da ke unguwar Kongo takardunsu na kammala karatu. Wutar gari sai an ga dama. Abin da muke da shi faifan sola ɗaya ne da batir ɗaya, kuma Baba ya gaya maka haka a gabana.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Baba masara yake sayarwa, da hannu yake gane buhu mai kyau. Ka lura da haka, sai ka ce ya ɗaga kowacce ya ji. Ƙaramar ba ta kai littafin lissafi ba, ka ce abin wasan yara ce. Babbar sai da ya yi nishi, ka ce ita ce mai ƙarko. Alhaji, kwamfuta masara ce?

Na biyu. Tun da babbar ta shigo gidanmu, kafin azahar inbata, na'urar da ke ba mu wuta daga batir, take fara kuka, sai komai ya ɗauke. Sau biyu aikin Yaya na rabin yini yana ɓacewa. Ɗalibai uku sun karɓe takardunsu sun kai wani wuri, ɗaya ma har da zagi a ƙofar zaure. Yaya ta juya fuska bango kawai.

Na uku. Da Baba ya koma wurinka, ka ce batirinmu ne ya mutu. Ba gaskiya ba ne, kuma na gwada. Maƙwabciyarmu Malama Bilkisu tana da irin ƙaramar da ka raina. Na aro ta. Kwana uku Yaya ta yi aiki da taka, kwana uku da ta Malama. Faifan sola ɗaya, batir ɗaya, farawa ƙarfe takwas, ba fanka, ba cajin waya. Ranar da aka yi hadari ban ƙirga ba, don kada ka ce na zalunce ka. Inbatarmu tana da fitilu huɗu masu nuna sauran caji, ni kuma ina zaune a gabanta da fensir. Taka ba ta taɓa kai kiran azahar ba. Ta Malama ta wuce la'asar da sauran fitilu biyu. Taka tana huci tana fitar da zafi har kyanwarmu ta mai da ita wurin kwana. Ta Malama ko motsinta ba a ji. Kuma aikin ɗaya suka yi, harafi bai ragu ba.

Yanzu Baba ya yarda da maganarka, yana cewa a rufe sana'ar tunda ba halin sabon batir. Wannan sana'a kuwa ita kaɗai ce abin da Yaya take yi da kanta ba tare da an riƙe mata hannu ba.

Roƙona biyu ne. Ka karɓi akwatinka ka ba mu ƙaramar. Sannan duk wanda ya ce maka da sola yake aiki, ka karanta masa lambar kafin ka ce ya ɗaga.

Ba zan zauna jiranka ba. Na yi magana da Malama Bilkisu: kullum da safe zan wanke mata kwanuka da kayan makarantar 'ya'yanta, ita kuma ta bar wa Yaya ƙaramar har ɗalibai su gama. Yaya tana zaton kyauta ce. Jiya na fara.

Allah ya sa wa kasuwarka albarka, ya tsare bakinka daga abin da za a tambaye ka gobe kiyama.

Wassalam.

Ƙanwar Rabi,
Tudun Wada, Zariya.